Gidan Gwaggo Daga Sama

Don biki na sayi jirgin hoton nan, ba don gidaje ba. A lokacin duk mai hoton da yake ji da kansa a birnin Kano yana da shi, ni kuwa ina Rano da kyamarar kafaɗa, ina bin motar amarya a guje har hakina ya riƙa fitowa a bidiyon mutane. Sai na sayar da babur ɗina na sayo shi. Ɗan abu ne da bai fi faifai faɗi ba, mai farfela huɗu da kyamara a ƙarƙashin ciki. Ana tuƙa shi da rimot, abin da yake gani kuma yana fitowa a fuskar waya. A rediyo jirgi marar matuƙi suke ce masa. Ban taɓa son wannan suna ba, don ni ne matuƙin, kuma ni ake zagi idan ya yi laifi.

A bikin farko ya yi laifin farko. Na tashe shi a ƙofar gidan ango, ya yi sama yana ƙugi, jama'a suna ta salati, ni kuma kaina ya kumbura. Abin da na manta shi ne gidajenmu ba su da rufi sai a kan ɗakuna. Tsakar gida a buɗe take, madafa a buɗe, makewayi ma a yawancin gidajen unguwar katanga ce kawai, samanta sararin Allah. Kafin la'asar magidanta uku sun kai ƙarata wajen mai unguwa, ɗaya ma da sandarsa ya je.

Mai unguwa dattijo ne da bai taɓa riƙe babbar waya ba, amma tambaya biyu kawai ya yi min. Abin yana ganin cikin gidaje? Na ce yana gani. Abin da ya gani yana zuwa idona? Na ce yana zuwa. Ya ce to magana ta ƙare, hukuncina ɗaya da na magini. Tun kaka da kakanni duk wanda zai hau soro ko katanga ko dogon dabino sai ya aika gidajen maƙwabta an ce za a hau sama, mata su kimtsa. Na fara bayanin cewa ni ƙafata a ƙasa take. Ya ce bai damu da inda ƙafata take ba tunda idona ya hau. Daga ranar, duk inda zan tashi jirgi kusa da gidaje, sai na bi ƙofa-ƙofa tun ana gobe ina sallama ina sanarwa. Na ji haushi sosai a lokacin, amma na bi, don na ga girman sandar.

Dillalan filaye ne suka rufa min asiri. Masu saye yanzu suna Kano da Kaduna da Abuja, ba sa son ɓata yini a hanya su zo su tsaya a rana ana nuna musu ciyawa. Hoto daga sama suke so, su ga titi, su ga iyaka, su ga ko akwai kwari a bayan filin da dillali ya manta bai ambata ba. Na ɗauki gonaki a Dawaki da Madachi, na ɗauki filayen awon igiya a bakin hanyar Kibiya. A cikin aikin na gane abu guda. Gona tana kyau daga sama, fili ma haka, ko da na banza ne. Gidan da mutane suke ciki kuwa ba ya kyau. Gaban gida muke gyarawa, don ta nan baƙo yake zuwa. Saman kwano kuwa nan ne wurin tsohuwar taya da duwatsun danne rufi da karyayyar kujera da takalmin da aka yi shekara ana nema. Gidan Alhajin da ya fi kowa fenti a gari, in ka hango shi daga sama, sai ka ce juji ne aka zagaye da katanga.

Wannan sanin ne na dogara da shi lokacin da maganar gidanmu na Rurum Tsohon Gari ta taso.

Gidan kakanmu ne. Da aka raba gadonsa tun ban zo duniya ba, gidan ya faɗo wa mahaifinmu, ƙanwarsa kuma, Gwaggo, aka ba ta gona. Gonar ta daɗe da tafiya a jinyar mijinta. Da mijin ya rasu, ba ta da ɗa a raye, mahaifinmu ya ce ta dawo gida, ta dawo ɗakin da aka haife ta. Mu kuma muka watse, wasu Rano, wasu Kano, mata suka yi aure. Bayan rasuwar iyayenmu Gwaggo ce kaɗai ta rage a gidan, ita da awaki huɗu da kaji. A shari'a ba ta da ko taku ɗaya a ciki. A idon duk mutanen Rurum kuwa gidan Gwaggo ne, haka ma ake kwatance da shi.

Sunan kakanmu aka sa min, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. Babana take ce min, tun ina tsirara har na yi gemu.

Babban yayanmu, wanda yake kasuwanci a Kano, shi ya tara mu ya ce a sayar da gidan a ba kowa haƙƙinsa. Ba zan ce mugu ba ne. Mu goma sha ɗaya ne, akwai zawarawa biyu a cikinmu, akwai mai ciwon ƙoda, kuma gidan yana zubewa kowace damina. Da aka zo kan Gwaggo sai ya ce Allah zai kawo mafita, kada dai a gaya mata tukuna har sai an sami mai saye, don kada hankalin tsohuwa ya tashi a banza. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, har na fi kowa gyaɗawa, don ban taɓa iya musu da Yaya ba. In ya kalle ni ta saman tabarau sai na koma ɗan shekara bakwai.

Wata shida dillali yana tallar gidan da hotunan waya, ba wanda ya taya. Ina jin labari ina murna a ɓoye. Sai wata rana Yaya ya kira ni ya ce ashe muna da mai jirgi a gida muke wahala, in je in ɗauko gidan daga sama yadda nake yi wa bare.

Na amsa da to. A raina kuwa dariya nake, don na san saman gidan nan. Ɗakuna biyu na kwano ne, kwanon ya yi tsatsa ya koma kalar goro, an danne shi da tayoyi da duwatsu. Soron kakanmu ya tsage, ciyawa ta fito a kansa. Bayan gida kuma, inda ɗakunan baffanninmu suka rushe, ya zama kango, tarin karan dawa da fasassun tukwane da tumfafiya. Na ce in na ɗauko wannan da rana tsaka, ko kyauta aka ba mutum sai ya yi shawara. Gwaggo za ta zauna a ɗakinta, ni ban yi wa Yaya musu ba, kowa ya huta. Har na riƙa jin kaina wani mai dabara.

Ranar Lahadi na je Rurum don sanarwa, tunda dokar mai unguwarmu ta riga ta bi ni ko'ina. Na bi gidajen maƙwabta shida, sannan na shiga wajen Gwaggo. Na same ta tana tsince wake. Bayan gaisuwa na ce gobe za a ɗauki hoton gidan daga sama. Ta tambayi na mene ne. Na ce Yaya ne yake son gani. Ba ƙarya na yi ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja.

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Gobe, Babana? Ko daga Kibiya baƙo zai zo ai ana ba mutum kwana biyu, balle wanda zai zo ta sama. Sai Asabar."

Na ce ba wani abu ba ne, minti goma ne, kada ta wahalar da kanta, yadda gidan yake ma ya fi. Ta ce yadda gidan yake ya fi wa wa? Hoton nan Kano za shi, matan Kano za su karɓi waya su duba, su ce ga gidan da 'yar gidan take zaune a ciki. Ta ce ubanta bai taɓa jin kunya a ƙasa ba, ba za ta bari ya ji ta a sama ba. Na sake buɗe baki, ta ce in ci ɗanwake yana hucewa.

A nan ya kamata in faɗa mata. Kalma biyar ce ko shida. Na ci ɗanwaken na tashi.

Ranar Laraba hankalina bai kwanta ba, na koma in ga abin da ake ciki. Tun daga zaure na ji waƙa da bugun ƙasa. Gwaggo ta yi gayya. Mata sun fi goma sha biyar a tsakar gida, kowace da madaɓinta, sun zuba tsakuwa da jar ƙasa suna daɓe, ana yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai sa daɓe ƙarfi, irin aikin da rabon da in gan shi tun ina yaro, tun kafin siminti ya kashe shi. Aka ce in tsaya a zaure, aka kira min ita. Ta fito zani ɗaure a ƙirji kan tsohuwar riga, gwiwoyinta duk jar ƙasa. Matar da take salla a zaune saboda ciwon gwiwa, ita ce ta yi kwana biyu a durƙushe.

Ta ba ni labari tana haki tana murna. Maginin unguwa ya hau ya sauke tayoyi da duwatsu, ya buga ƙusa a kwanon, ya cire ciyawar soro ya yaɓe tsagar. Shi ma sai da ya bi gida-gida ya ce za a hau sama, don haka unguwar ta sha sanarwa biyu a mako ɗaya. Kangon baya an kwashe shi tas, an ƙone abin ƙonewa, karan dawa an ɗaure shi dami-dami an jera. Saura farar ƙasa a bango, gobe za a shafa.

Na ce, "Gwaggo, wannan wahala ta yi yawa."

Ta ce, "Wahalar gidan ubana ce. Kai dai ka zo da abinka da cikakken caji."

Na koma Rano ina zagin mai unguwa a zuciyata, shi da dokarsa, kamar shi ya hana ni magana.

Asabar da hantsi na iso, na tarar dillali ya riga ni, Yaya ya turo shi ya tsaya a kan aikin. Mutum ne mai son turare da yawan magana, ya manne a kafaɗata yana leƙen waya. Na tashi jirgi daga ƙofar gida. Ya haura zaure, ya haura dogon zogalen Gwaggo, na juya kyamara ƙasa.

Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kuma ban ƙara ba. Daɓen ya yi ja yana sheƙi. Bango fari fat. An share ko'ina, har ana ganin layin tsintsiya a ƙasar bayan gida, a jere, ba wanda ya taka. Ta shanya barkono a tabarma ɗaya, kuɓewa a ɗaya, masara a ɗaya. Ta wanke tukwane ta kife su bisa girmansu. Awaki huɗu suna ɗaure a turke, ina jin har wanka aka yi musu. Ita kuma tana zaune a kujerar tsuguno a ƙofar ɗakinta, cikin atamfar da ta je Makka da ita, ta yafa farin mayafi, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ba ta ko motsi. Ba ta kalli sama ba, don a ganinta rashin kamun kai ne.

Kuma da aka kwashe kangon sai girman gidan ya fito. Ni da na tashi a cikinsa ban san ya kai haka ba. Fili ne shimfiɗeɗɗe har bakin hanyar da motocin hatsi suke bi ranar kasuwa. Dillali ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce in ƙara sama kaɗan, in kamo hanyar.

Na gwada abin da zan iya. Na karkata kyamara, na fuskanci rana don hoton ya dushe, na ce iska ta yi yawa. Ya ce ba iska, ga ganyen zogale a tsaye. Na ce batir ya kusa ƙarewa. Ya nuna min da yatsa inda aka rubuta saura da yawa, ashe ya iya karatun wannan. Kafin jirgi ya sauka ya sa na tura masa hotuna takwas, kafin na naɗe kayana sun isa Kano.

Gwaggo ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta yanka zakara. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta kai ta nesa da ido ta dawo da ita kusa. Ta ce ashe haka tsuntsaye suke ganin ta. Ta nuna ɗakin da aka haifi mahaifinmu, ta nuna inda rijiyar farko take kafin ta rufta. Dillali yana ta zuba santi yana cewa Hajiya ai gida ya yi, gida ya yi. Ta ji daɗi har ta ƙara masa nama.

Kwana tara aka yi. Wani ɗan kasuwar hatsi ya ga hoton, ya zo da kansa, bai ma shiga ciki ba, ya zagaya ta baya ya auna hanyar da ƙafa. Sito yake son ginawa, inda babbar mota za ta juya. Ɗakunan ba su dame shi ba, ya ce aikin yini ɗaya ne.

Yaya ya ce tunda ni ne na kusa, kuma ni take ji da shi, ni zan gaya mata. Wannan karon ma na ce to.

Na wanke hoton babba na sa shi a firam, don ta roƙe ni tun ranar, kuma don ina son in shiga da wani abu a hannu. Ta karɓa ta shafa gilashin da gefen mayafinta, ta jingina shi a jikin gado. Na zauna a bakin ƙofa na yi ta kewaye-kewaye, gado, haƙƙin marayu, ciwon ƙoda, damina. Ta bar ni har na ƙare, sannan na faɗi kalmar: an sayar da gidan. Na ƙara da cewa na gyara mata ɗaki a gidana na Rano, mai siminti da silin da fanka, kusa da asibiti.

Ta juya ta dubi hoton da yake jingine a jikin gado. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na sami abin yi.

"Wanda ya saya, hoton nan ya gani?"

Na ce shi ya gani.

"Ranar da ka zo ka ce za a hau sama, ka sani?"

Na ce na sani.

"Ranar Laraba ma, da ka same ni a durƙushe?"

Na ce e, Gwaggo.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce gidan nasu ne, ba ta taɓa cewa nata ba ne, kuma da an tambaye ta da ba ta hana marayu haƙƙinsu ba. Sannan ta ce, "Amma da ka bar ni na san abin da nake sharewa, Babana."

Na yi niyyar in gaya mata dabarar da na shirya, cewa so na yi gidan ya fito da muni don ta zauna. Sai na ji yadda maganar za ta fito: na zo ne in nuna wa duniya ƙazantar gidan ubanta don in taimake ta, ita ce ta ɓata min shiri da tsafta. Na haɗiye. Kunyar da na ji a bakin ƙofar nan ban taɓa jin irinta ba, kuma ba Yaya na ji wa haushi ba, ba dillali ba.

Bayan sallar layya muka kwaso ta. Awakin ta rarraba wa matan da suka yi mata daɓe. Sito ya tashi kafin kaka ta zagayo, dogo, mai sabon kwano. An kira ni in ɗauke shi daga sama, na ce jirgina ya lalace.

Shekara biyu ke nan tana gidana. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ba ta fasa ce min Babana ba, in na dawo daga aiki tana yi min sannu da zuwa, tana sa wa 'ya'yana albarka. Tana cin abin da aka ba ta, ta ce an gode. Amma matar da tun tana budurwa ba ta taɓa bari rana ta fito ta tarar da tsakar gidanta ba a share ba, tunda ta shigo gidana ba ta taɓa ɗaukar tsintsiya ba. Ko a ƙofar ɗakinta ganye ya faɗi, sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi ta wuce alwala. Matata tana cewa hutu ne ya karɓi tsohuwa, har tana faɗa wa baƙi da alfahari. Ni ban taɓa gyara mata maganar ba.